Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga 'Yan Majalisar Dokoki: Kafin Ku Ɗaga Hannu a Kan Ƙudirin Halatta Wiwi

Masu girma 'yan majalisa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan nauyin da jama'a suka ɗora muku.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu taɓin hankali, kuma uwa ce. Na rubuto muku da yawun mutanen da ba kasafai ake kiran su zaman jin ra'ayin jama'a ba: iyayen da 'ya'yansu suka faɗa shaye-shaye, matan da mazajensu ke tsare saboda ƙullin ganye ɗaya da aka samu a aljihunsu, da abokan aikina da ke kwana a tsaye kan marasa lafiyar da wiwi ta taɓa wa ƙwaƙwalwa. Mun ji ana ta kai-kawo a kan batun halatta tabar wiwi, mun kuma lura cewa muryoyi biyu ne suka cika fili. Akwai masu cewa a buɗe kasuwa domin a samu kuɗin shiga, akwai masu cewa a ƙara tsaurin kamu da ɗauri. Mu da abin ya shafa kai-tsaye ba mu ga kanmu a ko ɗaya ba.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake cusa abubuwa uku cikin kalma ɗaya. Daina ɗaure mai sha abu ne daban. Barin likita ya yi magani da abin da aka tace daga ganyen abu ne daban. Ba kamfanoni lasisi su noma, su sarrafa, su tallata, su sayar wa duk baligin da ya zo da kuɗinsa, wannan kuma abu ne na uku. Masu neman na ukun sun ƙware wajen ɓuya a bayan na farko da na biyu. Za su nuna muku yaro mai farfaɗiya, su nuna muku saurayin da ke ruɓewa a gidan yari, sannan su miƙo muku takardar da idan kun karanta ta da kyau za ku ga maganar shaguna ce. Matsayinmu a fili yake: muna goyon bayan na farko da na biyu, muna adawa da na uku.

Bari in fara da gidan yari, don kada a ɗauka mu masu son a bar komai yadda yake ne. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 228 ne suka sha wiwi a duniya a shekarar 2022. Babu ƙasar da take da kurkukun da zai ɗauki nata kason na wannan adadi, don haka a aikace dokar kamu zaɓe take yi, kuma kowa ya san wanda take zaɓa. Ɗan mai hali ana kashe maganarsa tun kafin ta kai kotu. Ɗan talaka shi ne zai yi watanni yana jiran shari'a. A Amurka an daɗe da nuna cewa baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar shiga hannu kan mallakar wiwi har ninki uku da wani abu, alhali yawan shan bai bambanta sosai ba tsakaninsu. Kowace ƙasa tana da nata irin wannan bambancin, ko da ba na launin fata ba ne.

Na yi jinyar wani matashi da aka kama yana shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Ya shiga da ɗabi'ar zuƙar wiwi, ya fito ya san ƙwayoyi kala-kala, ya san dillalai da sunayensu, makaranta ta kore shi, duk inda ya nemi aiki sai a tambaye shi ko an taɓa ɗaure shi. Ranar da mahaifiyarsa ta kawo shi wurinmu, abin da ta ce mini shi ne, "Sister, da na san haka zai dawo, da na ɓoye shi ranar da suka zo." Ita ce ta kira jami'ai da kanta, tana ganin gyara za a yi mata. Dokar da ke sa uwa ta yi da-na-sanin neman taimako tana bukatar gyara, kuma ku ne masu gyara ta.

Fotugal ta nuna wata hanya tun 2001. Ba ta halatta ƙwaya ko ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne, wanda aka samu da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, maimakon kotun laifi sai a tura shi gaban wani ƙaramin kwamiti da ya haɗa da masanin doka da ma'aikatan lafiya ko na walwalar jama'a. Su ne za su duba ko yana bukatar magani, ko gargaɗi, ko tara. Dillali kuwa yana nan a matsayinsa na mai laifi. Amma ku lura da abin da ya biyo baya a jihar Oregon ta Amurka: masu zaɓe sun amince da janye hukuncin laifi a kan mallakar ƙwayoyi a 2020, wuraren magani ba su kankama da wuri ba, jama'a suka ga shaye-shaye a fili a kan tituna, a 2024 majalisar jihar ta dawo da hukuncin. Idan za ku rufe ƙofar kurkuku, sai kun buɗe ta asibiti a rana ɗaya.

Maganar magani ba ta da tsawo. Gaskiya ne akwai amfani a cikin ganyen. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka yi da CBD, wani sinadari na ganyen da ba ya sa maye, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Tun shekarun 1980 ake amfani da magungunan da ke kwaikwayon THC, sinadarin ganyen mai sa maye, wajen rage amai ga masu karɓar maganin ciwon daji. A Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da kayan maye ta cire wiwi daga rukuni mafi tsauri na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25, amma ta bar ta a cikin jerin abubuwan da dole a sa wa ido. Wannan ba baƙon abu ba ne a aikinmu. Mofin ma daga tsiron da ake yin hodar maye ta heroin yake fitowa, muna ba da shi ga mai tsananin ciwo, a kulle yake, kowace allura sai an rubuta an sa hannu. Ba wanda ya taɓa cewa don mofin magani ne a buɗe masa shago a bakin titi.

Yanzu ga inda muka fi damuwa, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Wiwin da ake magana a kai yau ba ita ce wadda wasu daga cikinku suka sani a zamanin samartakarsu ba. A Amurka, gwajin ganyen da jami'ai suka kama ya nuna sinadarin THC, wato mai sa maye, yana kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995, ya kai kusan kashi 12 a 2014. A shagunan da doka ta amince da su a can, ganye mai kashi 20 abu ne na yau da kullum, tataccen mai da ƙullun da ake sarrafawa kuwa suna haura kashi 60, wasu har 80 da ɗoriya. Gasa ce ta kai shi nan. Mai saye da ya saba yana neman wadda ta fi kama shi, mai sayarwa kuma yana bin abin da ke fita.

Me wannan yake yi wa ƙwaƙwalwa? Tun 1987 wani bincike a Siwidin da ya bi matasa fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, na tsawon shekara 15, ya gano cewa waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun fi sauran yiwuwar kamuwa da ciwon hauka mai tsanani, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, har ninki shida. A 2019 wani binciken da aka yi a wurare 11 a Turai da Birazil ya nuna mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba sau uku wajen yiwuwar samun taɓin hankali, idan kuma mai ƙarfi yake sha kullum, kusan sau biyar. Masu binciken sun ƙiyasta cewa da babu wiwi mai ƙarfi, da an kauce wa kusan rabin sababbin masu wannan ciwo a Amsterdam, da kusan kashi 30 cikin ɗari a Landan. A 2023 bincike a kan bayanan lafiyar miliyoyin mutane a Denmak ya ƙiyasta cewa a tsakanin maza 'yan shekara 21 zuwa 30, har kashi 30 cikin ɗari na masu sikizofireniya za su iya tsira da ba su kamu da jarabar wiwi ba.

Za a ce muku yawancin masu sha ba sa haukacewa. Haka ne, ba na musu. Za a ce wasu dama suna da ciwon a jininsu, wiwi ta tashe shi ne kawai. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. To amma yaro ɗan shekara 16 ba shi da hanyar sanin ko yana cikin waɗanda za ta tasa wa ciwon, mahaifinsa ma bai sani ba, ni ma da nake aikin ban isa in duba fuskarsa in faɗa ba. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Kuma jarabar da ake cewa wai wiwi ba ta da ita, tana nan: kusan mutum ɗaya cikin goma na masu sha yana kamuwa, idan tun yana matashi ya fara, ɗaya cikin shida.

Da za ku zo sashenmu da dare, da kun ga abin da alƙaluman nan ke nufi. Saurayi ne zai ƙi cin abincin da mahaifiyarsa ta kawo saboda ya tabbata an sa masa guba. Zai toshe kunnuwansa da auduga don muryoyin da ke zaginsa, ya zauna a kusurwa ya juya wa taga baya wai ana leƙensa. Mahaifinsa, dattijo mai mutunci, yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hularsa, yana tambayarmu a hankali ko yaron zai koma karatu. Wasu suna warwarewa cikin makonni. Wasu mukan sallame su, su koma wa ganyen, su dawo, kowace dawowa kuma ta fi ta baya muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a matsakaici gwamnatoci kusan kashi 2 cikin ɗari kacal na kasafin lafiya suke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi likitan ƙwaƙwalwa ɗaya na iya fuskantar mutum kusan miliyan guda. Wanda ke son ƙara mana marasa lafiya, ya fara gaya mana gadon da za mu kwantar da su.

Sai batun kuɗi, wanda na san shi ne ya fi jan hankalin wasunku. Ku tambayi kanku daga aljihun wa ribar za ta fito. Mai zuƙa sau ɗaya a wata ba zai riƙe kamfani ba. Mai sha safe da yamma shi ne kasuwa, kamar yadda yake a giya da sigari. Don haka duk kamfanin da kuka ba lasisi, bukatarsa ita ce masu sha kullum su ƙaru, bukatarmu kuma su ragu, kuma shi ne mai kuɗin talla da lauyoyi. A 2018, shekarar da Kanada ta halatta wiwi, kamfanin Altria mai sigarin Marlboro ya sanar da zuba dala biliyan 1.8 a wani kamfanin wiwi na Kanada, kamfanin giya na Constellation Brands kuma ya zuba kusan dala biliyan 4 a wani. Waɗannan mutane sun san inda suke sa kuɗinsu. A Amurka, inda jihohin Kolorado da Washinton suka buɗe ƙofa a 2012 wasu da dama suka bi, bincike ya nuna cewa zuwa 2022 masu shan wiwi kullum ko kusan kullum sun kai miliyan 17.7, sun zarce masu shan giya kullum a karon farko. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kasuwa kuma ba ta tsaya a ganye ba. Ana zuba sinadarin a alawa da cakulan da biskit, a naɗe su cikin leda mai kyalli. A Amurka, rahoton yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin waɗannan kayan bisa kuskure ya tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Ga kuma matsalar tuƙi: giya ana iya auna ta a numfashi a san ko direba ya bugu, amma THC yakan daɗe a jiki kwanaki bayan mayen ya wuce, yawansa a jini kuma ba ya nuna ainihin halin da direba ke ciki. Har yanzu ƙasashe masu kayan aiki suna fama da wannan.

Akwai hujjoji biyu na masu neman kasuwa da suka cancanci amsa ta gaskiya. Ta farko, cewa halattawa tana karya dillalan ɓoye. A Kanada ta rage su sosai, yawancin masu saye sun koma shagunan doka, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. A Kalifoniya kuwa, shekaru bayan buɗe shaguna a 2018, kasuwar bayan fage tana nan da ƙarfinta, saboda ba ta biyan haraji, ba ta tambayar shekaru. Bambancin yana ga ƙarfin hukuma wajen sa ido, kuma kowace majalisa ta san gwargwadon ƙarfin hukumomin ƙasarta. Idan maganin tari mai kodin da ƙwayar tiramadol, waɗanda doka ta ce sai da takardar likita, suna yawo a hannun yara a ƙasashe da dama, da wane ƙarfi za a hana wiwin shago isa gare su?

Ta biyu, cewa manoma za su amfana. Lesoto ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara ba da lasisin noman wiwi don magani a 2017, amma tsadar lasisi da sharuɗɗan fitarwa sun sa harkar ta koma hannun masu jari, ƙananan manoman da suka daɗe suna nomawa a tsaunuka suka ci gaba da sayarwa a ɓoye. Maroko ta yi dokarta a 2021 don magani da masana'antu kawai, ta tsara ta ta hanyar ƙungiyoyin manoma, a 2024 kuma sarkin ƙasar ya yi wa manoma fiye da 4,800 afuwa. Idan da gaske manomi ake so a taimaka, ga abin dubawa, kuma ba ya bukatar a buɗe shagon maye ko ɗaya.

Ku dubi Tailan ma. A Yunin 2022 ta cire wiwi daga jerin kayan maye ba tare da cikakkiyar doka a ƙasa ba. Dubban shaguna suka tsiro cikin ɗan lokaci. A Yunin 2025 gwamnati ta dawo ta ce ba a sayarwa sai da takardar likita, bayan mutane sun riga sun zuba jari, sun zama masu faɗa a ji. Hatta ƙasashen da ake kafa muku hujja da su ba duka ne suka miƙa wuya ga kamfanoni ba. Urugwai, wadda ta fara halattawa a 2013, gwamnati ce ke riƙe da harkar: sai mai sha ya yi rajista, giram 40 a wata, babu talla. Jamus a 2024 ta yarda baligi ya riƙe giram 25 ya shuka tushe uku a gida, ta yarda da ƙungiyoyin noma marasa neman riba, amma ba ta buɗe shaguna ba. Afirka ta Kudu, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2018, ta bar sha a keɓe amma saye da sayarwa na nan a haramce.

Da yawa daga cikin waɗanda nake magana da yawunsu, ni ma a ciki, addininmu ya riga ya raba mana gardama a kan duk abin da ke gusar da hankali. Ban gina wasiƙar nan a kan haka ba saboda ku doka kuke yi wa kowa da kowa, kuma hujjar asibiti kaɗai ta isa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku raba ƙudirin. Kada ku yarda a kawo muku magani, sassauci da kasuwa a takarda ɗaya a ce ku ɗaga hannu sau ɗaya. Kowanne a yi masa muhawararsa, a kaɗa masa ƙuri'arsa, jama'a su ga inda kowane wakili ya tsaya.

Ku cire ɗauri daga kan wanda aka samu da ɗan abin shansa. Ku fayyace adadin a cikin doka da giram, don kada a bar shi ga ra'ayin jami'in da ya yi kamu, domin a nan ne cin hanci ke shiga. A tura mai sha wurin masu ba da shawara da magani, waɗanda ke tsare yanzu kan wannan laifi kaɗai a sake duba shari'arsu, a kuma goge musu tabon da ke hana su aiki da karatu. Hukuncin dillali, musamman mai sayar wa yara, ya zauna daram.

Ku ba da damar magani ta hanyar da ake bi da kowane magani mai haɗari: hukumar magunguna ta gwada, likita ya rubuta, kantin magani mai rajista ya bayar, a ajiye lissafi. Ku buɗe wa jami'o'i ƙofar bincike.

Ku ƙi amincewa da shagunan sayar da wiwi don nishaɗi, da tallarta, da sarrafa ta cikin alawa ko abin sha. Duk ɗan majalisar da ke da hannun jari ko wata alaƙa da masu neman lasisi ya bayyana kafin a fara muhawara.

Sannan ku sa kuɗi a inda ciwon yake. Sassauci ba zai yi aiki ba sai da cibiyoyin magani da ma'aikatan da aka horar, a kusa da jama'a, a farashin da talaka zai iya. Inda babu su, iyaye kan kai 'ya'yansu wuraren da ake ɗaure su da mari ana dukansu da sunan gyaran hali, mu kuma sai a kawo mana su daga baya da miki a ƙafa. Ku rubuta kason wannan aiki a cikin dokar kanta, kada ku bar shi ga alƙawarin kasafin baɗi.

Roƙonmu na ƙarshe mai sauƙi ne. Kafin ranar ƙuri'a, kwamitinku ya ware yini ɗaya ya ziyarci sashen masu taɓin hankali da kuma ɓangaren masu jiran shari'a a gidan yari, ba tare da an sanar an share wuri an yi fenti ba. Idan kun kira zaman jin ra'ayi, ku ba iyaye da ma'aikatan jinya da waɗanda suka daina sha lokaci daidai da wanda za ku ba masu neman lasisi. A shirye muke mu zo.

Na gode da lokacinku. Allah ya taimake ku.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar jinya, a madadin iyaye da abokan aikinta